Babi na Bakwai: Daga Shamus zuwa Magarya

Kafin a yi wa birnin Kano ganuwa, itace aka fara kewayewa da gini. Haka ya zo a littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya buga fassararsa a 1908, daga baya kuma aka fitar da shi da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Itacen sunansa Shamus, mai zama cikinsa kuwa Tsumburbura. Mutum ɗaya ne kaɗai ke wuce katangar, wato Barbushe, daga zuriyar Dala. Wani in ya shiga, to ajalinsa ne ya kira shi. Kwana biyu rak a shekara Barbushe ke saukowa daga kan dutse. Jama'a su taru a gindin Dala da yamma, maza da mata, wannan riƙe da baƙin kare, wancan da baƙar kaza, wani da baƙin bunsuru. In dare ya yi sai ya shiga wurin itacen shi kaɗai, ya fito ya gaya musu abin da shekara za ta zo da shi. Cikin abin da ya faɗa musu har da zuwan wani baƙo da rundunarsa, wanda zai mallaki ƙasar, ko a zamaninsu ko a zamanin 'ya'yansu.

Akwai kuma kurmin Jakara, wanda ake kira Kurmin Baƙin Ruwa. Rassansa ba su motsi sai in masifa ta doso ƙasar. A ranar sai kurmi ya yi ta ƙara yana fitar da hayaƙi, mutane su ruga da baƙin kare da baƙin bunsuru su yi yanka. In ƙarar ta lafa an tsira, in ta ci gaba kuwa kowa ya san abin da ke tafe ba ya da makawa.

Baƙon ya zo, shi ne Bagauda, wanda lissafin Palmer ya sa farkon sarautarsa a 999. Jikansa Gijimasu ya fara ganuwa. Amma itacen ya daɗe a tsaye fiye da yadda mai karatu zai zata. Sarki Tsamiya, wanda ya yi mulki daga 1307 zuwa 1343, ya ci masu tsafin da yaƙi, ya rushe katangar da duk abin da ke gindin itacen, amma itacen kansa ya bar shi. A zamanin Yaji, daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka iso daga Mali da Musulunci, aka gina masallaci a ƙarƙashin inuwar wannan itace, ana salloli biyar a ciki. Da dare Sarkin Garazawa da mutanensa su zo su ƙazantar da wurin, har sai da malaman suka kai kuka ga Allah, masu ɓarnar suka makance. Duk da haka Kanajeji ɗan Yaji, da yaƙin Zazzau ya gagare shi, wurin masu tsafin ya koma. Suka sa ya sari reshe ɗaya na itacen, ya tarar da jan maciji a ciki, aka yi masa huffi da fatar macijin, aka sassaƙa ganguna da reshen. Sai a zamanin Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, aka kai itacen ƙasa, aka tayar da hasumiya a gurbinsa. Akwai wani ɗan littafin Wangarawan Kano da aka rubuta wajen 1650, shi ma ya kawo labarin wannan sara. Wanda ya fito da shi fili a 1968 kuwa malamin tarihi ne ɗan Sudan, Muhammad al-Hajj, da ya koyar a Kano.

Fiye da shekara ɗari ke nan masallaci da itacen tsafi suna maƙwabtaka a tsakiyar Kano. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin kaka ba in ta ɗaga murya ta ce, "Kai, ɗan nan, taso daga gindin tsamiyar nan, rana ta take tsaka!"

To amma a duba labarin nan daga farko har ƙarshe, babu mamaci ko ɗaya da aka damƙa wa Shamus. Aikinsa na masu rai ne: damina, yaƙi, annoba, wa zai ci sarauta, wa zai rasa ta. Joseph Greenberg, wanda ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939, abin da ya tarar ke nan. Iskoki suna zaune a kuka da tsamiya, ana yi musu yanka don amfanin gona da lafiyar gida, amma yankan na iskoki ne, ba na kakannin da suka mutu ba. Jangare ma, birnin da 'yan bori ke cewa can iskoki ke zaune da sarkinsu da fadawansu, ba lahira ba ce. Gari ne na wata halitta dabam, mamacin ɗan Adam ba ya tarewa can.

Na tsaya kan wannan ne saboda yaranmu na yau sun fi sanin wani irin itace. Wanda ya buga wasan kwamfuta na Elden Ring, da kamfanin FromSoftware na Japan ya fitar a 2022, ya ga wani ƙaton itace mai hasken zinariya, Erdtree, da ake hangowa daga ko'ina a duniyar wasan. Ana binne matattu kusa da saiwoyinsa don rayukansu su koma cikinsa. Yaron da ya taso da wannan, in ya ji labarin Tsumburbura, zai ɗauka abu ɗaya ne. Alhali in ana neman inda mutane suka taɓa gaskata irin wannan itace da zuciya ɗaya, bakin Nilu za a nufa, kogin da Hausawan Sudan ke sha a yau.

Mutanen Masar na dā sun ɗauki ɓaure a matsayin uwa mai tarbar mamaci. A ƙauyen Dairul Madina, hayin Luksor, akwai kabarin wani ma'aikaci mai suna Sennejem, na ƙarni na 13 kafin haihuwar Annabi Isa. A bangonsa an zana mace tana fitowa daga cikin kututturen ɓaure, tana tsiyaya wa mamacin da matarsa ruwa, tana miƙa musu gurasa. Wani wuri sukan kira ta Nut, wani wuri Hator. A kabarin Fir'auna Tutmos na Uku, wanda ya mutu wajen 1425 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma mulkinsa ya kai har Jabal Barkal a Sudan ta yau, an zana itace mai hannu da nono yana shayar da sarkin. Akwatunan gawa da yawa da katakon ɓaure aka yi su. Ba abu ne mai wuyar fahimta ba. Matattunsu a bakin hamada suke binne su, inda gona ta ƙare rairayi ya fara, itacen ƙarshe mai inuwa da 'ya'ya kafin a shiga wannan fili kuwa sau da yawa ɓaure ne. Mutumin da ya san ƙishirwar hamada, in ya tuna tafiyar da babu dawowa, abin da zai fara roƙo inuwa ce da ruwa.

Kakanninmu da suka nufo gabas ba da wannan tunani suka taso ba. Magada jihadi ne, jihadin da ɗaya daga cikin ƙorafe-ƙorafensa shi ne yanka a gindin itace. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Nurul Albab, ya lissafa masu girmama itatuwa da duwatsu da yanka cikin masu gauraya Musulunci da kafirci. Da wutar ta kai Barno, Shehu Muhammadul Amin al-Kanemi ya rubuto yana musu, Muhammadu Bello kuma ya adana wasiƙun a Infaƙul Maisur da ya kammala a 1812. Cikin hujjojin al-Kanemi har da wani itace a Dimyaɗ, birnin ilimi a ƙasar Masar, wanda talakawa ke yi wa irin abin da ake zargin mutanen Barno da shi, amma ba malamin da ya ɗaga takobi a kansu ko ya kafirta su. A ganinsa saɓo ne da jahilci, maganinsu karantarwa. Bello bai yarda ba. Ya tsaya kan cewa yanka ga wanin Allah shirka ce, ya ƙara da cewa sarakunan Barno sun taimaki sarakunan Hausa a kan jama'ar Shehu.

In dai bauta ake sarewa, ni ina tare da mai gatari. A shekara ta 8 bayan hijira Halidu ɗan Walidu ya sare itatuwa uku na Uzza a Nahla da umarnin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. An kuma ruwaito cewa Umaru ya sa an sare itacen da mutane suka riƙa zuwa salla gindinsa da sunan nan aka yi mubaya'ar Ridwan. Sai dai addinin nan shi ne kuma ya zo da wasiyyar Abubakar ga rundunar Sham, wadda duk almajirin da ya sauke Muwaɗɗa ya karanta, cewa kada a sare itace mai 'ya'ya. Gatarin Halidu ya faɗa kan itatuwa uku ne saboda abin da ake yi a gindinsu. Sauran dajin amana ne.

Ranar 27 ga Yuli 1903 Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka ci gaba da tafiya, har wajen 1906 suka sauka bakin Bahar Azrak, kudu da Sinnar, da farko a garin Shaihu Ɗalha, daga baya suka kafa garin da ake kira Mai Wurno. Kafin su da bayansu dubban alhazai sun bi wannan hanya da ƙafa, ta Wadai da Fashir da Nuhud da Ubayyid. A yammacin Kurdufan, ƙasar Hamar, inda rijiya ke wuya, kuka ce ta shayar da su. Mutanen wurin suna rarake cikin kuka, su cika ta da ruwan damina da guga, su yi ta sha har rani ya wuce. Kowace kuka da mai ita, ana gadonta kamar gona. Matafiyin da aka raina da tsoron kuka, wadda a gida ake ce wa gidan aljanu, ga shi yana sayen ruwa daga cikinta yana alwala.

Ɗaya daga cikin wuraren da Hausawa suka zauna shi ne yankin Kamlin, garin da ke gaɓar yamma ta Bahar Azrak, kan hanyar Hartum zuwa Madani. Tsohon gari ne, wanda tun wajen 1840 Ahmad Basha Abu Widan, gwamnan Turkawa, ya kafa wuraren sarrafa baba da sabulu da sukari a cikinsa. Abin da ya tara Hausawa a ƙauyukan wannan yanki dai auduga ce. A 1925 aka gama madatsar Sinnar, aka buɗe noman Jazira a kan fili mai faɗin fadan dubu 300, wanda daga baya, da aka haɗa da Manaƙil, ya haura fadan miliyan 2. Irin wannan noma ba ya son itace a tsakiyar gona. Aka share fili, aka ja magudanan ruwa a miƙe, aka yanka ƙasa hawasha hawasha, wato gona gona ga kowane manomi. Masu tsinkar audugar, Hausawa da Barebari da Fulani da mutanen Darfur, aka ajiye su a kambo, 'yan ƙauyukan lebura a gefen magudana, kan ƙasar da ba tasu ba.

Ƙasar da suka tarar kuwa ƙasar ƙubba ce. Daga Ailafun zuwa Abu Haraz, garin shaihunan Arakiyyin da ya samo sunansa daga itacen gawo, ko'ina ka duba ga farar ƙubbar waliyyi. Akwai kuma abin da mutanen wurin ke kira bayan, wato inda wani ya ga waliyyi a mafarki. Sai a kewaye wurin da duwatsu, a kafa 'yan tutoci, sau da yawa a gindin itace. Ba mai karya reshensa, manomi yakan ajiye kayan aikinsa a wurin ya tafi gida hankali kwance. Itacen Dimyaɗ da al-Kanemi ya kafa hujja da shi, sai ga zuriyar Shehu sun zo sun tarar da 'yan'uwansa a bakin Nilu. Gardamar ma ba ta mutu ba, tana nan tsakanin Ansarus Sunna da 'yan ɗariƙa a Sudan, kamar yadda take tsakanin Izala da ɗariƙu a gida. Iskoki su ma sun yi ƙaura. Wasan aljanu da matan tsakiyar Sudan ke yi ana kiran babban reshensa zar bori, cikin rukunin aljanunsa kuma akwai waɗanda ake kira Fallata, wato mutanen yamma irinmu. Gwamnatin al-Bashir ta hana shi bayan 1989, ya koma bayan ƙofa.

Wannan duk na masu rai ne. Inda itace ya sadu da mamacin Bahaushe da gaske, a Kamlin ko a Katsina, shi ne wurin wanka.

Idan rai ya yi halinsa, kafin a gama yanka likkafani an aiki yaro neman ganyen magarya. A daka shi, a zuba a ruwa, a kaɗa har ya yi kumfa, da shi za a wanke gawa. Ba al'adar Maguzawa ba ce da ta saura, sunna ce. Lokacin da 'yar Annabi ta rasu, ya umarci Ummu Aɗiyya da matan da ke tare da ita su wanke ta da ruwa da magarya, sau uku ko biyar ko fiye, su sa kafur a wankan ƙarshe. Akwai kuma mutumin da ya faɗo daga kan raƙumarsa a Arfa ya rasu cikin harami. Annabi ya ce a wanke shi da ruwa da magarya, a yi masa likkafani da tufafin haraminsa, kada a rufe kansa, domin za a tashe shi ranar alƙiyama yana talbiyya. Ina ganin babu hadisin da ya fi wannan dacewa da Hausawan Jazira. C. Bawa Yamba, ɗan Ghana da ya yi bincike a Madani da ƙauyukan kewaye, ya nuna a littafinsa na 1995 cewa jikoki da tattaɓa kunnen waɗanda suka taso daga ƙasar Hausa har yanzu suna kiran kansu masu niyyar Makka, suna kallon zamansu a matsayin zango. Mutumin da ya rayu a kan wannan niyya ya mutu a kanta, in aka zuba masa ruwan magarya, iyalinsa suna da dalilin kyautata zato.

Magaryar nan kuma ita ce Alƙur'ani ya ambata a Suratun Najmi, magaryar tuƙewa, wadda Annabi ya gani a daren Mi'iraji, kusa da Aljannar makoma. A nan ilimin halitta yake tsayawa. Ba ta ceton kowa, ba ta hana kowa shiga, ba a roƙonta komai. Alama ce ta iyaka, halitta ce mai biyayya kamar sauran halittu. Talakawa dai ba su rasa ƙara mata labari ba. Edward Lane, Baturen Ingila da ya zauna a Alƙahira, ya rubuta a 1836 cewa mutanen birnin sun ɗauka kowane ganye nata na ɗauke da sunan mutum, a daren tsakiyar Sha'aban a girgiza ta, wanda ganyensa ya faɗo ba zai ga ƙarshen shekara ba. Malaman hadisi ba su tabbatar da wannan ba, amma ya nuna yadda zuciyar ɗan Adam ke son rataya ajalinta a jikin itace. A yau kuma ganyen magarya bakwai ake dakawa a yi wa mai fama da sihiri ko taɓin aljanu ruƙiyya. Itace, wanda a dā gidan iskoki ne, ya zama abin korarsu.

Daga wanka sai makara. A ƙauyukan ƙasar Hausa da gwangwala ko kara ake haɗa ta. A Sudan kuwa kan angarib ake ɗaukar mamaci, gadon katako mai saƙar igiya, wanda akan sassaƙa da bagaruwa, itacen da ya yi dazuzzuka a gaɓar Bahar Azrak daga Sinnar zuwa Rusairis. A kan angarib ake haihuwa, a kansa ake yi wa ango da amarya al'adar aure ta jirtik, a kansa ake fita da gawa an lulluɓe ta. Wannan al'ada ta tsufa ƙwarai. Da George Reisner ya tona kaburburan Karma a arewacin Sudan tsakanin 1913 da 1916, ya tarar da matattun wannan daula, wadda ta yi zamani daga wajen 2500 zuwa 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, kwance kan gadajen katako masu kama da angarib na yau.

Sai kabari. A haƙa rami babba, a cikinsa a fitar da ƙarami daidai kwanciyar mutum. In an sa shi a gefensa na dama yana fuskantar alƙibla, a jera itace a kan ƙaramin ramin, a toshe kafofi da ganye, a shafe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, sannan a tura sauran. A birnin Kano tukwane kan maye gurbin itacen, a Jazira kuma tubalin laka. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin kabari a ƙauye ya ga yadda dattawa ke zaɓen itacen nan, suna ƙwanƙwasawa, suna ture wanda gara ta taɓa. Wani ya ce, "Malam, wannan ba zai kai damina ba, a kawo na kirya." Shi ne rufin ɗaki na ƙarshe, ba a son ƙasa ta faɗa wa bawan Allah. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi ya wuce kaburbura biyu da ake yi wa masu su azaba, ya tsaga ɗanyen reshen dabino biyu ya kafa a kan kowanne, da fatan a sassauta musu muddin bai bushe ba. Malamai sun yi saɓani ko wannan na Annabi ne shi kaɗai ko kowa na iya yi, amma har yau a arewacin Sudan ana kafa reshen dabino a kan sabon kabari. Maƙabartar Madina kanta, Baƙi'ul Garƙad, sunan wani itace mai ƙaya take ɗauke da shi.

Ga Bahaushen Jazira da Bahar Azrak, itacen maƙabarta yana da wani aiki da na Kano bai da shi. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa kakanninsa na zaune a Sudan tun kafin Turawa su ci ƙasar a 1898, abin da ya bar dubban waɗanda aka haifa a nan a rataye shekara da shekaru. Mazaunin kambo ba ya da takardar filin da ya gina ɗakinsa. A Yulin 2022 rikici ya ɓarke tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin a jihar Bahar Azrak, a Rusairis da Damazin da kewayensu, kan batun ƙasa da neman da Hausawa suka yi a ba su sarautar gargajiya tasu. Ya sake tashi a Oktoba a Wad al-Mahi. Ɗaruruwan mutane suka mutu daga ɓangarorin biyu, dubbai suka bar gidajensu. Kalmar da ta fi yi wa Hausawa ciwo a lokacin ita ce baƙi. Mutumin da ake kira baƙo, ba ya da takarda, gidansa na laka ne da ruwa ke iya cinyewa, me zai nuna? Zai nuna inda kakansa yake kwance. Tudun kabari yana bajewa cikin 'yan shekaru a baƙar ƙasar Jazira mai tsagewa da rani ta kumbura da damina. Abin da ke saura shi ne magaryar ko aduwar da ta girma a wurin, wadda tsofaffi ke cewa daga gindinta zuwa gabas mutanen gidan wane ne. Kotu ba ta karɓar shaidar itace, amma maƙwabcin kirki yana karɓa, domin shi ma ya san shekarun da aduwa ke ɗauka kafin ta yi kauri haka.

Yaƙin da ya fara ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun Da'amus Sari ya iso Jazira a Disambar shekarar, lokacin da dakarun suka kama Madani, sojoji ba su karɓe ta ba sai a Janairun 2025. Mutanen kambo sun sha wuya a zuwan waɗannan da komowar waɗancan. A Hartum an binne mutane a tsakar gida da filayen makaranta da gefen titi don ba halin kai su maƙabarta, daga baya aka riƙa tono su ana mayarwa. Gas ɗin girki ya yanke, kowa ya koma gawayi, gatari ya shiga duk inda itace yake. Ba na zargin uwar da ta dafa wa 'ya'yanta abinci da abin da ta samu. Amma gaskiya ce cewa abin da ya tsare manyan itatuwanmu shekaru aru-aru tsoro ne, tsoron aljanin kuka, tsoron waliyyin ƙubba, tsoron ratsa maƙabarta da gatari. Wa'azi ya rage tsoron farko, kuma daidai ne ya rage shi. Yunwa ta rage sauran. Ba mu kuwa yi gaggawar sa wani abu a gurbinsu ba, alhali muna da shi. Muna da hadisin da ya ce duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi. Muna da hukuncin waƙafi, wanda ya hana a taɓa abin da aka tsayar don jama'a. Muna da tarihin Damagaram, inda ake ba da labarin cewa Sarki Tanimu ya sa hukuncin kisa kan wanda ya sare gawo.

Muna kuma da dabara, wadda Hausawa 'yan'uwanmu suka gwada ta yi. A ƙasar Maraɗi, daga 1983, wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, tohon kututturen itatuwan da aka sare ne, saiwarsu na nan da rai a ƙasa. Manoman Maraɗi da Damagaram suka karɓi abin suka sa masa suna sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, ba tare da an dasa yawancinsu ba.

Magarya da aduwa da gawo duk suna tohowa bayan sara. Abin da ke kashe su shi ne a tone kututturen don gawayi, ko a bar awaki su yi ta cin tohon. Darbejiya, wadda Turawa suka kawo daga Indiya, tana saurin yin inuwa, a dasa ta a bakin shinge ba laifi, amma ba a wankan gawa da ganyenta. Jama'ar da ke komawa ƙauyukansu a kewayen Kamlin da Hasahisa da Sinnar, kafin su nemi kuɗin sayen dashe, su fara zagaya maƙabarta su ƙirga kututturen da suka rage. A kowanne a zaɓi toho uku zuwa biyar mafi ƙarfi, a datse sauran, a kewaye da ƙaya har damina biyu ko uku su wuce. Masu haƙar kabari sun fi kowa sanin inda kowane kututture yake, liman kuma shi zai sanar ranar Juma'a cewa itatuwan wurin waƙafi ne.